Lissafin da ke cikin hular jariri

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin iyaye, musamman a ƙarshen shekarar karatu in an raba sakamako: "Madam, tunda kanta bai ɗaukar boko, gara ta koyi sana'a." In ka tambayi wace sana'a, amsar ba ta wuce ɗinki ko saƙa. Ni malamar firamare ce a Maraɗi, kuma shekara shida ke nan ina zama cikin wani taron mata masu saƙa duk ranar Asabar bayan la'asar. Don haka ina da abin cewa a kan saƙa, kuma ba duka ne zai yi ma masu wannan magana daɗi ba.

Taron namu daga adashe ya samo asali. Ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A nan jihar Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi cikin akwati kowane mako suna ba juna bashi, tsarin da daga baya ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Namu bai kai wannan tsari ba, zubi ne kawai da kwasa. Sai dai zaman jiran a cika yana da tsawo, kuma mai gidan da muke taruwa, wata tsofuwar ungozoma da kowa ke kira Inna, ba ta iya zama hannu sake. Kullum da kwarashi da dunƙulen zare a cinyarta. Wannan ta ce a nuna mata, waccan ta ce ita ma ta taɓa iyawa ta manta. Kafin shekara ta zagayo, an wayi gari ana gama zubi cikin minti goma, sauran lokacin har kiran magariba na saƙa ne. Yanzu mu goma sha huɗu ne, ban da ƴan mata ƴan lakol da ke biyo uwayensu ko maƙwabtansu.

Inna ta koyi saƙa a gidan koyar da mata sana'a, wanda ake kira fwaye, zamanin Kunce. Amma kafin nan, tana yarinya, ta yi kaɗi. Ta san gurza auduga a fitar da angurya, ta san shiɓa da baka, ta san murza mazari da alli a yatsa har a samu abawa a kai ma masaƙi. Ita ce ke tuna mana cewa zaren da muke saƙa da shi yanzu babu ɗigon auduga ko gashin tunkiya a cikinsa, ko da yake muna ce masa ulu. Daga man fetur ake yin shi. Wata rana ta kunna ashana ta kara ma wani guntu don ƴan mata su gani: bai ci da wuta kamar tsumma ba, narkewa ya yi ya dunƙule baƙi ƙirin. Ta ce wanda ya ga haka ba zai ajiye jariri mai rigar ulu kusa da kaskon wuta ba. A watan Janairu kuwa gidaje nawa ne ba su kwana da garwashi a ɗaki?

Ita ce kuma ke ba da labarin 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Ta ce a lokacin sai su sayi tsofuwar rigar sanyi a bosho, su nemo bakin zaren, su warware ta gaba ɗaya, su wanke, su nannaɗe a ƙafar kujera har lanƙwasar ta miƙe. Rigar babban mutum guda tana fitar da kayan jarirai biyu. Mun ɗauka labarin da ne, sai da iyaka ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023. Zarenmu daga Kano yake zuwa, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Da hanya ta toshe, mu ma muka koma warwarar bosho, Inna tana kallonmu tana dariya.

Kowa da abin da hannunta ya fi so. Akwai Hajiya, ƴar kasuwa, ita ke kawo mana zare a farashin sari, kuma ba ta saƙa komi sai shimfiɗar tebur da marufin kwano masu fure, irin waɗanda ake jerawa a ɗakin amarya. Akwai wata ma'aikaciyar gidan haihuwa, wadda ba ta da haƙurin babban aiki, safar jarirai kawai take yi, ƙafa biyu a zama guda. Akwai kishiyoyi biyu da ke zuwa tare, su zauna nesa da juna, amma na lura in ɗaya ta ƙare launi ɗayar ce ke jefo mata. Akwai wata bahaguwa da sai da aka zaunar da ita fuska da fuska da Inna, kamar mai kallon madubi, sannan ta kama. Akwai kuma wadda mijinta ya rasu, wadda ba ta sayen zare ko kaɗan. Leda take tsintowa, ta wanke, ta yanka siri-siri, ta saƙa jakar cefane da tabarmar ƙofa. An kafa dokar hana leda a ƙasar nan tun 2014, amma duk wanda ya bi bayan gari ya ga itatuwa sun yi furen baƙar leda ya san inda dokar ta tsaya. Jakarta ta fi duk abin da muke yi ƙarko. Tawa shekara uku ke nan ina zuba tumatir da albasa a ciki.

To, bari in zo kan maganar kuɗi, tunda ita ce ke bakin iyaye.

Muna da kaye da muke rubuta duk abin da aka saya da abin da aka sayar. Ga abin da yake nunawa a kan cikakken kayan jariri, wato riga da hula da safa da mayafi, irin wanda ake kaiwa ranar suna. Yana cin dunƙule shida na zare. A farashin da muka saya bara, dala ɗari kowane guda, jika uku ke nan. Maɓalli da ƙyallen ado, dala ɗari. Mai saurin hannu tana gamawa cikin awa ashirin, wato maraicen kusan mako biyu in tana da girki da yara. In an yi sa'a a sayar jika shida. Abin da ya rage mata jika biyu da rabi. Raba shi gida ashirin: dala ashirin da biyar a awa guda. Wannan in an biya lakadan ke nan, ba a ce "sai ƙarshen wata" ba. Kuma a gefe guda ga mai bosho ya baza rigunan sanyi na yara a ƙasa, daga dala ɗari zuwa jika, ga na kanti da inji ya saƙa a Sin cikin leda mai ƙyalli. Sannan kasuwar duka ta wata uku ce, Disamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu, da zafi ya haura 40, wa zai kalli hular ulu?

Ba ina cewa babu masu ci da saƙa ba. Akwai su, har wasu na kai kaya baje kolin SAFEM a Yamai. Amma waɗanda na sani cikinsu sun iya rubuta oda, sun iya lissafin riba, sun iya ɗaukar hoto su tura ta WhatsApp su yi ciniki da wanda ba su taɓa gani ba. Wato sun yi karatu, ko suna da ɗiya mai karatu a gefensu. Wanda ya fitar da yarinya ƴar shekara 12 daga aji ya miƙa mata kwarashi, dala ashirin da biyar a awa ya zaɓa mata, na wata uku a shekara.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata yarinya da ke zuwa wurinmu. Ba a ajina take ba, lakol ɗinsu daban. Ta maimaita CM1, kuma lissafi ne ya kayar da ita. Uwarta mai tuwon sayarwa ce, maƙwabciyar Inna. Yarinyar ta fara ne da riƙe mana zare ana nannaɗewa, daga nan ta karɓi kwarashi, cikin wata biyu ta wuce rabinmu.

Ga wanda bai san yadda ake fara hula da kwarashi ba: daga tsakiyar kai ake farawa, da ɗan zobe mai ido shida. Kowane madauki da aka fitar ido muke ce masa. Zagaye na biyu a ninka, ido sha biyu. Na uku sha takwas, na huɗu ashirin da huɗu. Kowane zagaye ana ƙara shida, in ba haka ba faifan ba zai kwanta ba, ko ya tattare kamar ƙoƙo ko ya yi tattaɓa-tattaɓa kamar ganyen salat. Wata Asabar na ga ta yi nisa, sai na ce mata, "Ɗiyata, zagaye na nawa kike?" Ta ce na bakwai. Na ce ido nawa za ki samu in kin rufe shi? Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Arba'in da biyu, Madam." Na ce na tara fa? Ta ɗan motsa leɓe ta ce hamsin da huɗu. Na bari aka jima, ana ta hira, sannan na tambaye ta da Faransanci, da muryar aji, shida sau bakwai. Ta ajiye kwarashin, ta miƙe zaune, ta harɗe hannu, idonta ya cika da tsoro. Ta ce ba ta sani ba.

Malamai ƴan'uwana, kun san wannan fuskar. Muna ganinta kullum. Yaron da ke tallar goro, a ce masa 350 ya ce maka dala saba'in nan take, wato ya raba da biyar a ka, shi ne za ka rubuta ma 350 ÷ 5 a allo ya tsaya yana kallon rufi. Lissafin yana nan cikin kansa da Hausa, a cikin kuɗi da mudu da idon saƙa. Wanda muke tambaya a aji yana zaune cikin wani harshe, a wani ɗaki daban, kuma ba mu cika buɗe ƙofa tsakanin ɗakunan biyu ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, yau fiye da shekara 50, amma yawancin yaranmu har yanzu da Faransanci suke haɗuwa da lamba ranar farko. A manhajarmu akwai darasin ayyukan hannu, APP, wanda kowa ya san yadda ake yi da shi: shara, ko ɗebo ruwa, ko a cike gurbin darasin da aka makara. Da za a ba ni awa guda ta APP da zare da kwarashi talatin, da na koyar da jadawalin shida da na takwas ba tare da bulala ba.

Na takwas ɗin daga tsinke biyu yake fitowa. Kafin a fara hula ana saƙa ɗan gwaji a auna. In santimita 10 ta ci ido 20, to kowace santimita ido biyu. Kan jariri sabon haihuwa yana kai santimita 34 ko 35, ana yin hular ta ɗan gaza don ta kama, a ce 32. Ido 64 ke nan. In an zo rufe sama, a raba 64 gida takwas, kowane gida takwas, a riƙa rage ɗaya a kowane gida. Awo, ninkawa, rabawa, duk a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Kuma in ka yi kuskure ba sai malam ya ja jan biro ba, hular da kanta za ta karkace ta gaya maka.

Ban da wannan akwai warwara. Inna ba ta da tausayi a nan. In ta ga ido ya zame a layi na biyar kina layi na ashirin, sai ta zare tsinken ta ja zaren, ƙurrr, aikin awa biyu ya koma dunƙule. Manya ma suna ɓata rai. Amma na lura ƴan matan da suka saba da wannan ba su jin tsoron goge arduwaz su sake. Ba zan ce saƙa ce kaɗai dalili ba, abin da idona ya gani ne kawai.

Da uwar yarinyar ta ga hulunan da ɗiyarta ke yi, sai ta zo da kanta wata Asabar, ta gaida Inna, ta juyo gare ni. Ta ce, "Madam, ke ce kika san boko. Tunda Allah ya buɗa mata ta nan, ni da babanta muna ganin a bar ta ta riƙe saƙar. Da safe ta kama mani tuwo, da marece ta yi abinta." Ba muguwar uwa ba ce. Tana tashi tun asuba, tana da ƙanana uku, kuma ta biya kaye da biro shekara biyu a aji guda ba ta ga komi ba. Akwai dokar da gomnati ta sa ma hannu a Disambar 2017 don kare karatun ɗiya mace, amma ban ga amfanin karanta ma mai tuwo lambar doka ba. Kayenmu na ɗauko. Muka bi lissafin nan tare, da dala da jika, ita ma ƴar kasuwa ce, ta riga ni kai ƙarshe. Ta yi shiru, sannan ta ce ko ƙosai ya fi wannan.

Inna ce ta ƙarasa zancen. Ta ce mata, "Ke ɗiyar nan, saurara. Gidana ne, zarena ne. Yarinyar da ba ta zuwa lakol ba ta taɓa mani kwarashi." Daga ranar ta zama ƙa'ida: duk ƴar lakol da ta zo sai ta nuna kayenta na mako kafin a ba ta zare. Ni ke dubawa. Wata malamar koleji da ke cikinmu tana duba na manya.

Yarinyar tana CM2 bana. Ba ta zama ta ɗaya ba, tana tsakiya. Rabawa mai saura har yanzu tana ba ta wahala. Babanta ya ce zai ga sakamakon ƙarshen shekara kafin ya yanke maganar koleji, kuma na ji ƙishin-ƙishin wani ɗan'uwansu ya fara aiko da gaisuwa. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma taron mata goma sha huɗu ba shi da ikon da ya wuce na uba.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne yadda saƙa ke buɗe baki. In hannu na aiki, ido na ƙasa, yarinya tana iya faɗin abin da ba za ta faɗa tana kallon fuskar babba ba. A haka muka ji dalilin da ya sa wata ke fashin lakol kwana uku ko huɗu kowane wata: ba ta da abin tsare jikinta in al'ada ta zo, kuma makewayin lakol ɗinsu ba ƙofa. Uwarta na zaune a wurin, ba ta sani ba. Asabar biyu muka ajiye zare muka koma allura da yadin auduga, ma'aikaciyar gidan haihuwa tana nuna yadda ake ninkawa da wankewa da shanyawa a rana. A haka kuma muka ji labarin wani mai kabu-kabu da ke tare ƴan mata a hanya, aka gaya ma mazan unguwa.

Shi ya sa ban goyi bayan Hajiya ba da ta kawo shawarar a mai da taron ƙungiya mai takarda, a nemi tallafi, a sayi injin saƙa. Hujjarta mai ƙarfi ce, ban musa ba. Inji yana fitar da rigar yaro cikin awa guda ko biyu, da shi ne kaɗai za a iya karawa da kayan kanti, kuma matar nan mai leda tana bukatar kuɗi fiye da hira. Amma inji na mutum guda ne, yana da ƙara, mai shi tana fuskantar bango. In ya shigo, Asabar za ta zama ranar oda da rabon riba da "wa ya ɓata allura". Na ce a saya in an samu hali, a ajiye shi gidan Hajiya, a ba shi Talata da Alhamis. An yi ta ja-in-ja, har ɗaya daga cikin kishiyoyin ta yi fushi ta yi mako uku ba ta zo ba. Maganar tana nan ba a rufe ba.

Wasu iyaye maza sun tambaye ni ko yara maza za su iya zuwa. Wurinmu dai a'a, gidan mata ne. Amma masu cewa saƙa aikin mata ce sun manta masaƙan da suka yi mana gwado da sawaye maza ne, masu aikin babbar riga maza ne, kuma har gobe za ka ga almajiri zaune bakin zaure yana saƙa farar hula. Ɗana na biyu ya koya a gida, ya yi ma kansa jakar biro, ya hana ni faɗa ma abokansa.

Aikin da muke yi tare duk shekara, wanda ba na sayarwa ba, shi ne hulunan jariran da aka haifa ba su cika ba, waɗanda nauyinsu bai kai kilo biyu da rabi ba. Ma'aikaciyar nan ce ta kawo maganar. Ta ce irin waɗannan jarirai ba su da kitsen da zai riƙe masu ɗumi, kai kuma shi ne babban wurin da zafin jiki ke fita. Ana ɗora su a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane, dabarar da aka fara a Kolombiya ake kiranta kangaru, amma kan yana waje, sai da hula. Ta kafa mana sharuɗɗa: babu igiyar ɗaurewa a wuya, babu maɓalli, babu tuntu, ɗinkin ya kasance ta waje don kada ya gurje fata, a wanke kafin a kawo. Hajiya ta yi ƙorafin cewa hula ba ado kamar miya ba gishiri. Hulunan ƙanana ne ƙwarai, ana gwada su a kan lemun zaƙi. Bara mun kai 60. Ba mu san waɗanda suka sa su ba, ba a kuma gaya mana nawa suka rayu.

Bana an ƙara da bargo guda, na ɗakin da uwayen ke kwana. Kowa za ta saƙa murabba'i mai santimita 15, a haɗa shida a faɗi takwas a tsawo. Yarinyar nan ce ta faɗi adadin kafin in buɗe baki, 48. Matsalar ita ce hannu ba ɗaya ba ne. Na Hajiya sakwa-sakwa, sun kai 17. Na bahaguwa a matse, da ƙyar 14. Inna ta yanko kwali daidai awo ta rataye a ƙofa, duk wanda bai hau ba a warware. An warware nawa guda biyu. Zuwa Asabar da ta wuce muna da 41, iska kuma ta fara juyawa, ƙura ta fara sauka da safe. Sauran bakwai an raba ma ƴan lakol, bayan an duba kaye.